Ciwon makyarkyata: Yadda za mu sa wa iyayenmu ido tun daga gida

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙasar Matameye a jihar Damagaram, tun daga Dawce da Kance har ya tsallaka Mai'aduwa ta ɓangaren Najeriya, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan dattijuwa ba. Mai awon gero ce ko gyaɗa, wadda shekara da shekaru idan ta cika tiya ta juye a buhu ko ƙwaya ba ta faɗuwa ƙasa. Sai ga shi bana idan tana zaune tana jiran mai saye, hannunta na dama yana bisa cinya yana ta rawa shi kaɗai, babban yatsa yana murza manuniya kamar mai jan carbi. Da zarar ta miƙa hannu ta ɗauki tiya sai rawar ta lafa. Amma ƙulla bakin leda da a da take yi kafin ƙiftawar ido yanzu sai ta yi ta fama, kwance bakin zane ta ba da canji kuwa ya zama aiki.

Maƙwabtan rumfa kowa da abin da yake faɗa. Wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce sanyi ne ya kama ta, wasu kuma su koma gefe suna raɗa cewa jifa ne ko iska. Ita kuwa baiwar Allah sai ta riƙa cusa hannun cikin mayafi don kada masu saye su gani. A haka za a ci damina ɗaya, a ci ta biyu, ba a je asibiti ba, sai ranar da ta faɗi a bakin rijiya.

Sau da yawa wannan ita ce farkon cutar da likitoci ke kira Parkinson, wadda mu Hausawa muke cewa makyarkyata ko karkarwa. Abin da ya sa muka ɗauko batun shi ne, cuta ce da idon mutanen gida yakan yi saurin gano ta, matuƙar sun san abin da za su duba, sun kuma rubuta abin da suka gani.

Wace irin cuta ce?

Sunan ya samo asali daga wani likitan birnin Landan, James Parkinson, wanda ya yi bayanin cutar a rubuce a shekarar 1817. Mutum shida kacal ya kafa hujja da su, kuma uku daga cikinsu a kan titi ya gan su, ya lura da yadda suke tafiya da yadda hannuwansu ke rawa. Saboda shi ne ake tunawa da masu wannan cuta a ranar 11 ga watan Afrilun kowace shekara, wato ranar haihuwarsa.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin da ake kira dofamin, wanda shi ke sa motsin jiki ya tafi sumul ba tare da mutum ya tsaya tunani ba. Idan waɗannan ƙwayoyi suka riƙa mutuwa sannu a hankali, dofamin sai ya yi ƙaranci, motsi ya yi nauyi. Manyan alamunta uku ne: nawar jiki, da sandarewar gaɓoɓi, da rawar hannu ko ƙafa a lokacin da suke hutawa. Galibi takan fara da ɓari ɗaya na jiki, kuma akwai masu cutar da hannunsu ba ya rawa ko kaɗan, nawa da sandarewa kawai suke fama da su. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, amma tana kama masu ƙasa da 50, kuma ta fi yawa ga maza.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum sama da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci a kwano ɗaya ko gaisawa, kuma mafi yawan masu ita ba gadon ta suka yi ba. Sai dai bincike ya alaƙanta ta da daɗewa ana mu'amala da wasu magungunan feshi na gona, har ƙasar Faransa a shekarar 2012 ta amince da ita a matsayin cutar da manomi kan iya samu ta dalilin sana'arsa. Wannan abin lura ne ga masu lambu da rake a fadamun Matameye, da masu sayar da maganin feshi a cikin rumfar da suke wuni.

Har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita baki ɗaya ba, amma akwai wanda ke sassauta ta ƙwarai, kuma mutum yakan yi shekaru masu yawa yana harkokinsa. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali an tabbatar masa da ita a 1984 yana da shekara 42. Duniya ta gan shi a 1996 yana kunna wutar wasannin Olamfik a birnin Atlanta na Amurka hannunsa na rawa, kuma bai rasu ba sai a 2016.

Me ya sa sai daga gida?

Dalili na farko shi ne nisa. Mutumin Dawce idan ya je ɗakin shan magani na kusa, za a tura shi asibitin Matameye, daga nan sai babban asibitin ƙasa da ke Damagaram. Likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kuwa 'yan ƙalilan ne a Nijar, kuma akasarinsu suna Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram. Wasu sukan gwammace su bi ta Daura su nufi Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen masu irin wannan larura. Ko ta ina aka bi, kuɗin mota ne da na masauki da asarar ranar kasuwa, sannan a ƙarshe likita ya ga maras lafiya na 'yan mintoci.

Wani rahoto da likitocin babban asibitin ƙasa na Yamai suka wallafa a 2018, game da marasa lafiyar da suka duba daga 2009 zuwa 2013, ya nuna cewa a matsakaici sai da aka yi kusan shekara biyu tsakanin fara ganin alamu da gano cutar. Waɗannan kuwa su ne ma suka samu halin isa Yamai.

Dalili na biyu shi ne, a asibiti ba da awon jini ake gano wannan cuta ba. Hoton ƙwaƙwalwa ma an fi yin sa don a tabbatar ba wata cutar ba ce daban. Likita da ido da tambaya yake aiki: yaushe ta fara, da wane hannu, me ya ƙaru, wane magani ake sha? Idan amsar da za a ba shi ita ce "ai an ɗan jima", to an bar shi cikin duhu. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai kowane ɗan kasuwa ya san abin da ya sa yake ajiye littafin bashi, domin ƙwaƙwalwa tana mantuwa. To irin wannan littafin muke so a buɗe wa maras lafiya.

Ba kowace rawar hannu ce ba

Kafin a ɗaga hankali, a sani cewa abubuwa da dama na sa hannu rawa. Yawan shan shayi mai kauri ko cin goro, yunwa, zazzaɓi, fargaba, ciwon maƙoƙo da wasu magungunan asma duk suna sa wa. Akwai kuma wata rawar hannun da takan bi dangi, wadda ita akasin Parkinson ce: sai mutum ya ɗauki kofi ko cokali take tashi, idan ya ajiye hannu ta kwanta, kuma takan kama hannu biyu har da kai.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne magungunan da ake saye a tebur ko a hannun masu yawo da su a faranti. Maganin amai mai suna metoclopramide, da magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine, suna iya jawo nawa da sandarewa da rawar jiki tamkar Parkinson, musamman ga tsofaffi. Irin wannan takan warware idan likita ya canza maganin. Don haka shafin farko na littafin a rubuta sunan duk wani magani da mutum yake sha, na asibiti da na gargajiya, ranar tafiya kuma a kwashi kwalayen a tafi da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yadda za a buɗe littafin

Littafin makaranta mai shafi 40 ya isa. A samu mutum ɗaya a gida, ɗa ko jika ko suruka, wanda ya iya boko ko ajami, ya zama shi ke rubutawa. A zaɓi rana ɗaya a mako, alal misali jajibirin kasuwa, da lokaci ɗaya, kamar bayan an karya kumallo. Kada a yi gwajin lokacin da mutum ya gaji, ko yana cikin fushi, ko yana jin sanyin hunturu, domin duk waɗannan suna ƙara rawar. A sa kwanan wata a kan kowane shafi, sannan a duba abubuwa shida.

Na farko, hannu a hutu. Ya zauna ya ɗora hannuwansa bisa cinya, a ja shi da hira ko a ce ya yi lissafin kuɗi da ka. A lura wane hannu ke rawa, ko ƙafa ko haɓa suna yi, sannan a miƙa masa moɗa a ga ko rawar ta tsaya.

Na biyu, yatsu. Ya buɗe babban yatsa da manuniya iyakar buɗewa, ya haɗa su, ya sake buɗewa, sau 10 da sauri, dama daban hagu daban. Abin dubawa shi ne ko buɗewar tana ƙanƙancewa tun kafin a kai goma, ko tana yin sanyi, ko tana tsayawa a tsakiya. Wannan gwajin likitoci da kansu suke yi, kuma ya fi rawar hannu muhimmanci a wurinsu.

Na uku, ƙafa. Yana zaune a kujera ya riƙa ɗaga ƙafa yana buga diddige a ƙasa sau 10, kowace ƙafa daban.

Na huɗu, tashi. Ya harɗe hannuwa a ƙirji ya tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. A rubuta ko ya tashi karo ɗaya, ko sai da ya yi yunƙuri biyu ko uku. Wani ya tsaya kusa da shi saboda tsaro.

Na biyar, tafiya. A zaɓi tazara ɗaya da ba za a canza ba, kamar daga ƙofar ɗaki zuwa bakin zaure. A ƙirga takunsa zuwa da dawowa. Idan a watan Muharram taku 30 ne, a watan Rajab ya koma 40, alama ce takun yana gajercewa, kuma ba a buƙatar agogo kafin a gane. A duba ko hannu ɗaya ya daina lilo yana manne da jiki, ko yana jan ƙafa, ko ya fara ranƙwafawa, da kuma taku nawa yake yi kafin ya juya.

Na shida, rubutu. Ya rubuta sunansa ko lambobi daga 1 zuwa 10 a cikin littafin. Mai wannan cuta rubutunsa yakan fara da girma ya ƙare ƙanana kamar sawun tururuwa. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane mai kewayawa daga tsakiya zuwa waje kamar ɗinkin faifai.

A ƙasan shafin a ƙara layi biyu ko uku game da ayyukan yau da kullum, domin su ne ainihin ma'aunin: ƙirga kuɗi, ɗaura ɗankwali, sa maɓallin riga, tuƙa tuwo, alwala, tasowa daga sujada, juyawa a kan shimfiɗa cikin dare. Hakazalika a rubuta idan murya ta yi ƙasa har masu saye suna cewa a maimaita, ko fuska ta daina nuna fara'a alhali ba fushi ake yi ba. Akwai kuma alamun da ba na motsi ba waɗanda kan riga rawar hannu zuwa da shekaru: daina jin ƙamshi ko wari, taurin bayan gida, yawan baƙin ciki ba dalili, da kai naushi ko ihu cikin mafarki. Wannan na ƙarshe abokin kwana ne kaɗai zai iya faɗa.

Idan akwai babbar waya a gidan, a ɗauki bidiyon minti ɗaya ko biyu na gwajin yatsu da na tafiya sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya, da haske sosai. Sau da yawa rawar takan ɓuya a gaban likita, ko ta yi tsanani fiye da yadda take saboda fargabar asibiti, bidiyon sai ya raba gardama. Amma sai da yardar mai jikin, kuma likita kaɗai za a nuna wa. Ba abin turawa dangi a WhatsApp ba ne, mutuncin iyayenmu ya fi haka.

Muna jan hankali cewa littafin ba ya maye gurbin asibiti. Kada a zauna ana jiran ya cika. Idan an yi mako uku ko huɗu ana ganin abu ɗaya a ɓari ɗaya na jiki, a kama hanya. Kuma kada a mayar da gwajin na kullum, har maras lafiya ya ji kamar an sa shi a gaba. Cutar a hankali take tafiya, wata da wata ake kwatantawa.

Bayan an fara shan magani

Babban maganin cutar shi ne levodopa, wanda aka fara amfani da shi gadan-gadan a ƙarshen shekarun 1960. Akan haɗa shi da carbidopa ko benserazide a ƙwaya ɗaya, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa shi ne ya cike gurbin dofamin da ya ragu. A nan ne littafin yake ƙara daraja, domin likita yana daidaita awon maganin ne da abin da aka gaya masa.

A rubuta lokacin da aka sha, da lokacin da jiki ya saki, da lokacin da nauyin ya dawo. Wanda ba ya duba agogo ya yi amfani da lokutan salla: an sha bayan asuba, jiki ya saki da hantsi, nawa ta dawo kafin azahar. Bayan wasu shekaru ƙarfin maganin yakan riƙa ƙarewa kafin lokacin shan na gaba, wasu kuma sukan fara wani irin motsi na murɗe-murɗen jiki ko kaɗa kai ba da son ransu ba jim kaɗan bayan sun sha. Wannan daban yake da rawar cutar, kuma idan aka ƙara magani da ka sai ya ƙaru. A rubuta shi, a ɗauke shi a waya, a kai wa likita.

A kula da abinci. Nama, wake, ƙwai da nono suna iya rage shigar maganin jiki idan aka haɗa su lokaci ɗaya, haka ma ƙwayoyin ƙarin jini. Shi ya sa likitoci kan ba da shawarar a sha shi kamar rabin awa kafin cin abinci ko awa ɗaya bayansa. Mai korawa da fura da nono, idan ya ga maganin ba ya aiki sosai, ya faɗa wa likita. Wanda kuma yake tayar masa da zuciya yana iya haɗawa da ɗan biskit ko burodi.

Abu mafi haɗari shi ne yanke maganin farat ɗaya. Yana iya jawo sandarewar jiki da zazzaɓi mai zafi har rai ya salwanta. Tunda ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, a rubuta a littafin ranar da zai ƙare, a nemo wani tun saura mako biyu, kuma a amintaccen kanti. Kuɗinsa a ware shi kamar yadda ake ware zubin adashe. Idan azumi ya gabato a tuntuɓi likita tun cikin Sha'aban, domin addini ya yi wa maras lafiya rangwame.

Alamun da ba a jira

Akwai abubuwan da idan an gan su ba a tsayawa rubutu. Idan hannu ko ƙafa suka mutu nan take, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe cikin sa'a guda, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti. Haka nan idan mutum yana yawan faɗuwa, ko yana shaƙewa da ruwa ko abinci, ko yana suma idan ya miƙe tsaye, ko ya fara ruɗewa yana ganin abubuwan da babu su. Idan kuma jikin ya rikice cikin kwana biyu ko uku, galibi wani abu ne ya shigo, kamar zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko an tsallake shan magani.

Kada a raba su da kasuwa

Kuskuren da muke yawan yi saboda tausayi shi ne mu ce wa tsohuwa ta zauna a ɗaki ta huta. Masana sun tabbatar da cewa motsa jiki yana daga cikin abubuwan da suka fi taimakon mai wannan cuta, zama wuri ɗaya kuwa yana ƙara sandarar da shi ya kuma jefa shi cikin damuwa. A bar ta ta ci gaba da zuwa rumfarta. A haɗa ta da yarinyar da za ta riƙa ƙulla leda da ƙirga canji, ita kuma ta riƙe ciniki da lissafi, tunda a farkon cutar hankali garau yake. A sama mata kujera mai ɗan tsawo maimakon zaman tabarma, da takalmi mai kama diddige maimakon silifa. A gida a kawar da igiya da turmi da kwanuka daga hanyar banɗaki, a ajiye mata tocila kusa da shimfiɗa. Tafiyar safe da manyan taku, ana lilo da hannu da gangan, ita ma magani ce.

Mu kuma abokan zama a kasuwa, haƙƙinmu ne mu daina raɗa da nuni da baki. Wanda ya lura hannun maƙwabcinsa yana rawa, ko tafiyarsa ta canza, ya ja ɗansa ko 'yarsa gefe ya faɗa musu cikin mutunci, ya kuma ba su shawarar littafi da asibiti. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Kuɗin littafin bai taka kara ya karya ba, amma ranar da aka isa gaban likita a Damagaram ko Yamai ko Kano, shi ne zai yi bayanin watanni shida cikin minti biyar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, amin.